Tafi a Ciki, Kisa a Waje



A Sifaniya akwai wasan faɗa da bijimi. Ya ɗan yi kama da hawan ƙahon mahautanmu, sai dai a can da takobi ake kashe bijimin a gaban dubban 'yan kallo. Da wannan wasa Georges Bizet ya rufe Carmen, opera wato wasan kwaikwayon waƙa, da aka fara nunawa a Paris a 1875. A fitowar ƙarshe, jama'a na cikin fili suna yi wa gwanin wasa Escamillo tafi, a bakin ƙofa kuma Don José na daɓa wa Carmen wuƙa don ta ƙi shi. Ba a nuna bijimin ba, shewar kawai ake ji.

A Janairun 2018, a Florence ta Italiya, darakta Leo Muscato ya sauya ƙarshen don nuna adawa da kisan mata: Carmen ce ta harbe José. Niyyar mai kyau ce, amma a ganinmu an yi asara. Ƙarshen Bizet yana tuhumar ɗan kallo da ke tafi jini na zuba. Sabon kuwa yana sallamarsa gida da sanyin zuciya.

Mu ma haka muke. Da labari ya kai wurin ciwo, sai mu aurar da jaruma, mu sa mugu ya tuba. Kafin mu sassauta ƙarshen labari, mu tambayi kanmu: jarumar muke ceto, ko mai karatu muke lallashi?