Baƙo Mai Kamfani da Leburan Ƙasa: Ina Doka Take?

A nan Kongo Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da doka. Kowace shekara ana yaye lauyoyi, wasunsu har sun zama manyan alƙalai. Amma ka fito daga ƙofar makarantar, ka gangara Tudun Wada, ka tambayi leburan da ke aiki a hannun baƙi masu kamfani ko yana da takardar ɗaukar aiki. Dariya zai yi maka. Ashe ana iya kwana kusa da rijiya a tashi da ƙishirwa.

Abin da ya tayar da maganan nan shi ne ƙwallo. Duk lokacin da 'yan wasan Nijeriya za su buga babban wasa, sai kuka ya yi yawa. Wani ya makara, wani helima ya same shi da rediyo a kunne, ƙarshen wata sai ya tarar an zaftare masa kuɗin kwana biyu ko uku, wai tara. To, mu ba mu goyon bayan lalaci. Babu dokar da ta ba ma'aikaci izinin barin inji yana gudu ya tafi gidan kallo, kuma wanda ya bar aiki kada ya nemi ladan sa'o'in da bai yi ba. Mai kamfani mai hankali yakan sauya wa mutane lokaci, ko ya kafa musu talabijin a wurin cin abinci, a rabu lafiya. Amma cin tara daga albashi, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana shi a sashe na 5. Ba Bature, ba Basine, ba Ba'indiye, ba Balarabe da ya fi ƙarfin wannan sashe, ko da a ƙasarsu haka suke yi. Wanda ya zo cin riba a ƙasar mutane, dokar ƙasar ce ke kansa. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ya ku talakawa, ku riƙe waɗannan, don naku ne. Kafin ka cika wata 3 a wurin aiki, wajibi ne a ba ka takarda mai bayyana irin aikinka da albashinka da sharuɗɗan sallama. In ka shekara, kana da hutun kwana 6 na aiki da cikakken albashi. In ka yi shekara 5, ba a sallamarka sai da notis na wata guda ko kuɗinsa. A 2024 an sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 ko fiye. Dabarar da ake kauce wa duk wannan kowa ya san ta: sai a ce kai ba ma'aikacin kamfani ba ne, na ɗan kwangila ne, ko a kira ka ɗan wucin gadi alhali ka tsufa a bakin injin.

Kada wani ya ce muna zuzuta abu. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa na Indiyawa a Kano, suka fito da ma'aikata fiye da 100 waɗanda aka tsare a ciki wajen wata 3, da sunan gudun cutar korona. A Kano fa, ba a wani daji ba! Ina jami'an Ofishin Leba suke duk tsawon watannin nan? Gwamnati takan yi ta shelar baƙi su zo su zuba jari, ana yanka ƙyalle ana ɗaukar hoto, amma ba ta aika mai duba yadda ake riƙon 'ya'yan talakawa bayan an rufe ƙofa. Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku ce ba ruwanku. Albashin da aka zaftare, shi ne bashin masara da manja da ba za a biya ku ba.

Akwai kuma ɗaya gefen ƙwallon, wanda ya fi wannan nauyi. Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022 da muka sha kallo, baƙin leburori ne suka gina wa Katar filayenta, ƙarƙashin tsarin kafala, watau ma'aikaci ba ya canza aiki ko ya bar ƙasa sai da yardar uban gidansa. Sai da duniya ta yi ca kafin Katar ta soke neman izinin canza aiki a 2020, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata. Shugaban shirya gasar, Hassan al-Thawadi, da bakinsa ya ce leburori tsakanin 400 da 500 ne suka mutu a ayyukan gasar.

A Disamban 2024 aka ba Saudiyya gasar 2034, za a buga ta a filaye 15. Hanyar Jidda kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanenmu, kuma dillalai za su shigo unguwanni da daɗin baki. Saudiyya ta sassauta kafala a 2021, amma gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su ne kuwa ayyukan da aka fi ba namu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk dillalin da zai kai ɗanka aiki waje, ka ce ya nuna lasinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, a karanta muku takardar yarjejeniya da Hausa tun a nan gida, kuma yaro ya san fasfonsa nasa ne.

Abin da Jam'iyyarmu ke nema ga Gwamnati ba mai wuya ba ne. A ƙara jami'an duba ma'aikatu, su riƙa shiga ba tare da sanarwa ba. A buga Dokar Ƙwadago da Hausa, a manna ta a ƙofar kowane kamfani. Malaman doka na Kongo da ɗalibansu su ware rana guda a mako su saurari leburori kyauta. Wanda kuma aka ci tararsa ko aka kore shi ba notis, ya adana takardar albashinsa, ya zo ofishin reshe mu rubuta masa ƙara. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Kaduna, kuma ƙofarta ba ta tambayar sunan uban mutum kafin ya shiga.