ZANCEN CIKIN GIDA: Ranar da Akwatin Kifinmu Ya Tsage

A wannan wata za mu ba ku labarin wata 'yar hasara da ta same mu a gidanmu a nan Saminaka, da abin da muka koya daga cikinta.

Muna da wani akwatin kifi a ɗakin baƙi. Wani ɗan'uwa ne ya kawo mana shi daga Kaduna, domin mu riƙa nuna wa 'yan makaranta yadda kifi ya ke numfashi. Ana ganin cikinsa sarai kamar gilashi, amma da wata roba mai tauri aka yi shi, wadda a ke kira akrilik. Masu yin allon shaguna sun san ta da sunan Perspex. Akwatin yana cin lita 80. A ciki akwai 'yan karfasa bakwai da wani masunci ya kamo mana a Kogin Mariga.

Ran wata Asabar da asuba uwargida ta shiga shara, sai ta ji tabarma ta jiƙe sharkaf. Muka haska tocila, sai ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙasa, tsawonta kamar ɗan yatsa, ruwa yana tsatsafowa. Nan da nan wani maƙwabci ya ce a shafa sabulu, kamar yadda a kan yi wa bokiti. Mun gode masa, amma ba mu yi ba, gama sabulu dafi ne ga kifi.

Abu na fari, muka zare wayar injin iska daga bango, domin ruwa da lantarki ba su ga maciji. Na biyu, muka rage ruwa. A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya sani. Zurfin ruwa shi ne ya ke matsa bangon mazubi. In ka rage zurfin da rabi, ƙarfin da ya ke tura bangon zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka kwashe ruwa shi ne maganin farko, kafin a yi zancen gam. Na uku, muka juye kifin cikin baho tare da ruwansu na dā, muka rufe da tsohon gidan sauro, muka ajiye a inuwa. Kifi ba ya son a canza masa ruwa farat ɗaya, kuma in ya firgita ya kan yi tsalle ya faɗo.

Duk da haka biyu sun mutu, kuma laifinmu ne. Yara suka ji tausayinsu suka yi ta zuba musu abinci, ragowar ta ruɓe ta ɓata ruwan. Kifin da aka tsugunar a ƙaramin wuri gara a bar shi kwana ɗaya ko biyu bai ci ba, a riƙa canza ruwan kaɗan kaɗan.

Da muka ɗauke akwatin sai muka ga tushen abin. Katakon teburin ya lanƙwashe a tsakiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau teburin nan yana ɗauke da nauyin da ya fi buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana, shekara biyu. Akwatin akrilik kuwa yana bukatar duk gindinsa ya zauna daram a kan shimfiɗaɗɗen wuri. In an liƙe tsaga aka mayar da shi kan tebur ɗin nan, an yi aikin baban giwa.

Wajen gyara, mai yin allo ne ya taimake mu da shawara. Aka huda ɗan ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare, domin ta tsaya nan kada ta ci gaba. Aka yanko wani yanki na robar iri ɗaya, aka manna daga ciki da gam nata na musamman, wanda ya ke narkar da fuskokin biyu su zama abu guda. Gam ɗin da a ke haɗa akwatin gilashi da shi ba ya kama akrilik sosai. Aikin a waje a ke yinsa saboda warin yana da illa. Muka bari ya bushe mako guda, sa'an nan muka cika shi a tsakar gida kwana biyu, muna duba. Sai da muka tabbata, muka mayar da kifi, a kan sabon tebur. Da a ce tsagar ta bi mahaɗar ƙasa daga gefe zuwa gefe, da ba mu ƙara amincewa da shi ba, sai dai mu yi renon irin tumatir a ciki.

Kada mai karatu ya ce wannan wahalar talaka ce kawai. A ƙasashen Turai akwai masu ajiye kifin teku a irin wannan akwati, da ruwan gishiri, har da murjani mai rai, wanda in zafin ruwansa ya canza ya kan mutu da sauri. A birnin Berlin na ƙasar Jamus an gina wani babba na akrilik a cikin wani otel a 2003, mai cin wajen lita miliyan ɗaya. Ran 16 ga Disamba 2022, da asuba, ya fashe. Kifi wajen 1,500 ne a ciki, kusan duka suka mutu, ruwa ya malala har kan titi, mutum biyu suka ji rauni.

Mun sani yawancinku ba ku da akwatin kifi, amma kuna da tankin roba, ko tafkin siminti na kiwon tarwaɗa. Ka'idar ɗaya ce: a rage ruwa, a ceci abin da ke ciki, a nemi dalili, sa'an nan a gyara. Baƙin tankin roba ba ya jin gam, sai mai liƙi da wuta. Tafkin siminti kuwa in an yi masa sabon yaɓe, a jiƙa shi a zubar sau da yawa kafin a sa kifi, domin sabon siminti yana kashe su.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Da yamma autarmu, 'yar shekara takwas, ta matso tana sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, tun ran Laraba na ga ruwa yana ɗiga." Muka ce, "To, me ya hana ki faɗi?" Ta ce, "Na buge shi da tsintsiya, na ce ni na fasa, za a doke ni."

Jikinmu ya yi sanyi. Tsintsiya ba ta fasa kome ba, tebur ne. Amma yarinyar nan ta kwana uku da tsoro a ciki, domin ta san halinmu in aka fasa ko da kofi ne. Da ta faɗa ran Laraba, da aikin rabin sa'a ne. Mu da mu ke koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya, ashe a gidanmu mun sa gaskiya ta yi tsada.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. A gida, yaro ne ya kan fara ganin tsaga, gama idonsa ya fi kusa da ƙasa. Yau akwatin kifi ne. Gobe wani babba ne ya faɗa masa maganar banza a hanyar rafi, ko abokai sun ba shi ƙwaya, ko kuɗin makaranta ya ɓace. Iyaye, in sanda ce ta ke tarbar kowane labari, to, za mu zama na ƙarshen ji. Horo yana da wurinsa, amma mu bambanta tsakanin ganganci da tsautsayi, mu kuma yaba wa yaron da ya zo da kansa ya faɗi.

A daren nan, wajen addu'ar iyali, muka karanta Irmiya sura 2, inda annabin ya kwatanta mutanen da suka rabu da Allah da masu dogara ga tsagaggun tafkuna. Muka roƙi gafarar yarinyar a gaban 'yan'uwanta, muka kuma kafa doka: wanda ya fara kawo labarin ɓarna, ko shi ya yi ta, ba za a taɓa shi ba. Ita ce yanzu mai duba kusurwoyin akwatin kowace safiya.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherinsa ya kasance tare da gidajenku.