Raddi ga Masu Cewa Haddace Fomula Ya Wadatar

Ana warware lissafin kwadiratik, wato ax² + bx + c = 0, ta hanyoyi uku a sakandare: rarraba shi gida biyu, cike murabba'i, da babbar fomula. Sai ga wasu masu lesin a Kubwa da Nyanya suna koya wa yara cewa fomular kaɗai ta isa, sauran ɓata alli ne.

Hujjarsu ta farko ita ce wai cike murabba'i tsohon yayi ne. Abin dariya! Daga ina fomular ta fito? Ita ce cike murabba'in, an yi shi da haruffa a madadin lambobi. Al-Khawarizmi ya bayyana hanyar a Bagadaza wajen shekarar 820, cikin littafinsa na al-jabr wal-muƙabala, da zanen murabba'i, babu ko harafin x. A ɗauki fili a Gwagwalada wanda tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 10, girmansa murabba'in mita 600. Wato, idan faɗin shi ne x, x² + 10x = 600. Rabin 10 shi ne 5, 5 sau 5 kuma 25. A ƙara 25 a kowane ɓangare, (x + 5)² = 625. Tushen 625 shi ne 25, a cire 5, faɗi mita 20, tsawo 30. Ɗaya amsar, −30, ba ta da muhalli, domin babu fili mai faɗin ƙasa da sifiri. Ɗan hadda zai rubuto amsoshin biyu yana murna. Haka kuma idan b ta zo da alamar ragi, −b kan rikita shi, ko ya raba rabin lissafin kawai da 2a, kuma ba shi da hanyar gane ya kauce.

Ta biyu, wai fomula ta fi sauri a jarrabawar JAMB. Tambayoyi 180 cikin awa biyu ba wasa ba ne, gaskiya. Amma x² − 5x + 6 = 0 fa? Lambobi biyu da jimlarsu 5, ninkinsu 6: 2 da 3. An gama kafin mai fomula ya rubuta b² − 4ac.

Ta uku, wai akwai kalkuleta. Kalkuleta ba ta mayar da tambayar fili zuwa x.

Fomular daidai take, tana kuma aiki a ko'ina. Koyar da ita ba tare da asalinta ba ne cutar ɗalibi.