Dashen gashi a shekara 25: kada ka bari wayarka ta yanke maka hukunci

Cikin azumin bara ina kiran bidiyo da wani ɗan kasuwa da nake rubuta wa manhajar lissafin shago, zafi ya sa na cire hula, sai idona ya faɗa kan ɗan hotona da ke kusurwar allo. Goshi ya ƙara faɗi, gashin gefe da gefe ya ja baya. A daren na rubuta "maganin sanƙo" a Google. Kafin sati ya zagayo, TikTok da Instagram ɗina sun cika da bidiyon samari da kai naɗe da bandeji a Istanbul, sai hoton "kafin" da hoton "bayan". Na taɓa talla ɗaya, ta kai ni WhatsApp. Wani ya ce in turo hoton kaina ta fuska huɗu, na tura daga ɗakina a Dinawa. Ba a yi minti ashirin ba ya turo mini adadin saiwoyin gashin da za a dasa mini, da farashi: dala 2,500 har da otal, wato sama da naira miliyan uku, ban da kuɗin jirgi. Bai tambayi shekaruna ba, bai tambayi ko mahaifina yana da sanƙo ba, bai tambayi ko ina da wata lalura ba.

Ban je ba. Ra'ayina kuma shi ne, saurayin da bai kai talatin ba, gashinsa na kan zubewa, bai kamata ya fara da tiyata ba.

Abin da wayar take yi maka

Kyamarar gaba tana ƙara girman duk abin da ya fi kusa da ita. A 2018 mujallar JAMA Facial Plastic Surgery ta buga wani bincike da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari. Haka abin yake ga goshi idan ka ɗaga waya sama ka sunkuyar da kai. Haɗa da hasken fitilar sola da ke dukan tsakiyar kai, sai ka ga sanƙon da ya fi na gaske.

Sai kuma tsarin da ke zaɓo maka bidiyo. Ni mai rubuta manhaja ne, na san abin da ake aunawa: daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ka maimaita shi ko ka wuce. Tsarin bai damu ba ko nishaɗi ne ya tsayar da kai ko damuwa ce. Ka tsaya sau uku, za a kawo maka talatin. Masu talla kuma suna iya zaɓar maza 'yan shekara kaza a ƙasa kaza. Su ma hotunan "kafin" da "bayan", ka lura da kyau: na farko gashi a jiƙe ƙarƙashin haske mai ƙarfi, na biyu a bushe, an taje shi gaba. Ba za ka ga kan mutumin bayan shekara biyar ba.

Yadda dashen yake

Duk wanda ya taso a fadamun Wurno ko Goronyo ya san dashen albasa. Ana ciro ta daga inda aka yafa iri a kai ta fangali. Dashe ba ya ƙara yawan irin da kake da shi, wuri kawai yake sauya masa. To haka dashen gashi yake. Likita yana ciro saiwoyin gashi daga ƙeya da gefen kai, ko dai ɗaya bayan ɗaya, wanda ake kira FUE, ko ya yanko siririn fata ya rarraba, wanda ake kira FUT, sannan ya dasa su a gaba.

Dalilin zaɓar ƙeya shi ne, sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin jiki mai suna DHT da ke sa saiwar gashi ta riƙa ƙanƙancewa har ta daina fitar da gashi mai kauri. Saiwoyin ƙeya galibi ba sa jin wannan sinadari, kuma suna tafiya da wannan hali duk inda aka kai su. Wani likitan fata a birnin New York, Norman Orentreich, shi ya bayyana hakan a 1959, a kansa kuma aka gina sana'ar baki ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Gashin da aka dasa zai tsaya, amma na asali da ke bayansa zai ci gaba da zubewa, domin tiyata ba ta taɓa DHT. Sanƙo yana da matakai bakwai a ma'aunin Norwood da likitoci ke amfani da shi, kuma a shekara 23 ko 25 da wuya a san matakin da naka zai tsaya. Idan aka cika maka goshi yau, bayan wasu shekaru kana iya wayar gari da tsibirin gashi a gaba, fili a bayansa. Za ka buƙaci dashe na biyu, alhali saiwoyin ƙeya ƙidayayyu ne, wanda aka cire ba ya sake tsirowa a wurin. Wayne Rooney ya yi dashe a 2011 yana da shekara 25, ya koma an sake yi masa a 2013. Shi a lokacin yana da albashin Manchester United. Kai fa?

Fatarmu da gashinmu

Akwai abu biyu da tallan ba ya faɗa wa baƙar fata. Na ɗaya, gashinmu a murɗe yake har cikin fata, don haka wanda bai saba da irinsa ba yana iya datse saiwoyi da yawa wajen cirowa, su tafi a banza. Na biyu, mun fi farar fata yawan yin tabon da ke kumbura ya yi tudu bayan rauni ya warke. Ka duba ƙeyar abokanka a shagon aski, za ka ga masu ƙurajen da suka ƙi ji suka ƙi gani. Daidai wurin ne za a huda sau dubbai.

Sannan wa zai riƙe wuƙar? Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi kan wuraren da ake tallata sunan likita amma ma'aikatan da ba su da lasisi ne ke yin aikin. Akwai ƙwararru na gaske a Turkiyya, amma daga saƙon WhatsApp ba za ka iya bambance su da 'yan damfara ba. Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar tiyata. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, ya fara dawowa bayan wata uku zuwa huɗu, sai kusan shekara ake ganin sakamako. Idan wurin ya ɗuri ruwa bayan ka dawo Rabah ko Achida, wa za ka kama?

Na san abin da wasu za su ce: kai ba ka san zafin abin ba. Na sani. An kira ni "Baba" a gidan biki ina da shekara 24, an yi dariya, ni ma na yi, amma na kwana da abin. Mai neman aure ya fi kowa jin sa. Ban kuma ce dashe laifi ba ne. Malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin sun halatta shi, a matsayin mayar da abin da ya gushe. Magana ta lokaci ce, da kuma wanda ya kamata ya ce maka lokacin ya yi.

Abin da na yi, kuma nake ba ka shawara

A aikina, idan manhaja ta fara ba da lissafin da ba daidai ba, ba na taɓa komai sai na gano inda kuskuren ya faro. Haka na yi da kaina.

Da farko ka ga likitan fata ido da ido. Mu a nan, mafi kusa shi ne Sakkwato, inda akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ba duk zubewar gashi ce sanƙon gado ba. Makero, ƙarancin jini, ciwon maƙoshi da ke shafar sinadaran jiki, ko doguwar jinya duk suna zubar da gashi, kuma kowanne da maganinsa.

Na biyu, ka tambaye shi game da magunguna biyu da hukumar FDA ta Amurka ta amince da su: minoxidil na shafawa tun 1988, da ƙwayar finasteride tun 1997. Suna rage zubewa ga mutane da yawa, amma sai an yi watanni, kuma da ka daina amfaninsu zai tafi. Finasteride yana iya rage sha'awa ga wasu maza, mace mai ciki kuma ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Kada ka saye shi a hannun mai talla a intanet.

Na uku, ka mayar da wayar ma'auni. Ranar ɗaya ga kowane wata, bayan aski iri ɗaya, ka sa ƙanenka ya ɗauke ka da kyamarar baya daga nisan taku biyu, a inuwa, ba filta. Ka adana hotunan wuri guda har shekara. Su za ka nuna wa likita.

Na huɗu, ka danna wa bidiyoyin nan alamar ba ka da sha'awa, ka goge tarihin bincikenka. Cikin 'yan kwanaki za ka ga sun ragu, damuwar ma ta ragu.

Hotunana goma sha huɗu yanzu. Gefen hagu ya ɗan ƙara ja baya, tsakiya na nan yadda take. Kuɗin da na fara tarawa na sayi kwamfuta da batirin sola da su. Idan na kai talatin da wani abu, sanƙon ya tsaya, likita ya duba ƙeyata ya ce za ta ɗauka, ƙila in yi. Kafin nan, ina da huluna guda shida.