Jama'ar Damargu, Ku Kai Ledar Magani Gaban Likita!

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Tanut da Belbeji, ku saurara! Kowace ranar kasuwa masu lasifika na tallar ƙwayoyin ƙarin jini da ƙarin ƙarfi, har da masu rantsuwa cewa nasu na kashe ciwon daji. Mu kuma don tausayi sai mu sayar da akuya mu saya wa marar lafiyarmu. Wallahi wannan tausayin yana iya cutar da shi.

Akwai sabon maganin daji da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi cutar da kanta. A kansa James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka ci kyautar Nobel a 2018. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, amma abin da aka gano a kansa ya isa ya farkar da mu: ƙananan halittun cikin hanji suna da hannu a aikinsa. A cibiyar Gustave Roussy ta Faransa an ga maganin bai yi wa waɗanda suka sha antibiyotik dab da fara shi aiki sosai ba. Ku tuna yadda muke haɗiyar kafson antibiyotik ko da mura ce ta kama mu! A 2021 kuma, a asibitin MD Anderson na Amurka, cikin masu dajin fata da ake yi wa wannan magani, waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu yawan cin wake, ganye da hatsi da dusarsa, waɗanda ba su sha ƙwayoyin gyaran hanji na kanti ba.

To, wake da gero ai a gonakin Damargu suke, ga zogale da kuka. Ba su warkar da daji, kar kowa ya ruɗe ku, amma su jiki ke buƙata.

Duk mai ɗan'uwa a babban asibitin Damagaram ko cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, ya tattara duk abin da ake ba marar lafiyar, na kanti da na gargajiya, ya zube gaban likita ba tare da jin kunya ba. Uwa, in kin ji ƙullutu a nono, tafi asibiti tun yana ƙarami. Limamai, ku faɗi wannan ranar Juma'a. Masu gari, ku hana mai lasifika tallar maganin daji a kasuwanninmu!