Ƙwarin Ruwa: Ɗan Hakin da Muka Raina

Ɗalibai, malamai da 'yan'uwa a cikin Ubangiji, akwai wani darasi da ke bakin ƙofarmu wanda muke tsallakewa kullum. Da zarar damina ta sauka a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, kududdufai da fadamu sai su cika da ƙananan halittu masu iyo. Ko a Duza ka tambayi yaro ko a Gummi, amsa ɗaya ce: "ƙwaron ruwa ne." Ra'ayinmu shi ne, wannan suna guda ɗaya bai ishe mu ba, kuma aikin makaranta ne ta koya wa ɗalibanta bambanta su.

Masana sun sa ƙwarin da muke magana a kansu a rukuni ɗaya da buzuzu, wato masu fikafikai biyu masu tauri da ke rufe bayansu kamar ƙoƙo. An san kusan iri 400,000 na wannan rukuni a duniya, kuma fiye da 13,000 daga cikinsu a ruwa suke zama. Ga dangi huɗu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani.

Na fari, masu nutso, waɗanda masana ke kira Dytiscidae, sun haura iri 4,000. Mafarauta ne. Sukan ɓoye iska a ƙarƙashin fikafikansu, su tura ƙafafun baya tare kamar mai tuƙa kwalekwale, in iska ta ƙare su ɗago gindinsu saman ruwa su sake ɗiba. Su da 'ya'yansu suna cin 'ya'yan sauro da talibambam, manyansu har da ƙananan kifi.

Na biyu, masu kewaye, wato Gyrinidae, baƙaƙen nan masu sheƙi da ke zagaye a saman ruwa garke-garke. Kowane ido nasu a rabe yake biyu, rabi yana duban sama, rabi yana duban cikin ruwa, don haka da wuya tsuntsu ko kifi ya shammace su.

Na uku, masu shara, wato Hydrophilidae. A ido sun yi kama da masu nutso, amma su a ƙirji da ciki suke riƙe iska, har wurin ya riƙa walƙiya kamar azurfa, kuma ƙafa ɗaya bayan ɗaya suke iyo. Yawancin manyansu ruɓaɓɓen ganye suke ci.

Na huɗu, masu manne wa dutse, wato Elmidae. Ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu ba sa hawowa shan iska, sai dai su shaƙi wadda ke narke cikin ruwan. Saboda haka suna bukatar ruwa mai gudu, mai tsabta, kuma masu binciken koguna a ƙasashe da yawa suna ɗaukar samuwarsu alamar lafiyar ruwa.

Wani zai ce, ina amfanin wannan ga yaron da ke fuskantar jarrabawa, ga kuɗin makaranta, ga rashin kwanciyar hankali a ƙauyukanmu? Tambaya ce mai kyau. Rarrabe halittu yana cikin darasin kimiyyar halittu, kuma wanda ya riƙe ƙwaro a hannu ya ƙidaya ƙafafunsa ba zai manta ba kamar wanda ya haddace daga allo. Amma babbar amsarmu tana cikin abin da ya faru a ƙasar nan.

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da 'Yargalma. An riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa ta cika tsakar gida, kuma yara kusan 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara lura da yawan mutuwar yaran. Daga baya hukumar CDC ta Amurka ta ba da labarin cewa kafin nan agwagi sun fara ɓacewa a yankin. Mutane sun gani, amma ba wanda ya ɗauki abin gargaɗi ne.

Ba mu ce ƙwaro zai auna dalma ba. Wannan sai ɗakin gwaji. Abin da muke cewa shi ne, halittu sukan yi mana ishara, amma sai wanda ya san yadda suke jiya zai gane sun canja yau. Wanda bai san tafkinsu yana da iri biyar ba, ba zai san ya koma biyu ba.

A Littafin Farawa, sura ta biyu, mun karanta cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya kula da ita, ya kuma kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Raɗa suna yana cikin amanar. Masanin nan Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda a 1758 ya kafa tsarin ba dabbobi suna biyu-biyu, ɗan fasto ne.

Shawararmu ke nan. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta buɗe littafi guda, ta zaɓi kududdufi ɗaya kusa da makaranta. Sau ɗaya a wata a je tare da malami, da rariya mai dogon hannu da farin kwano. Kada a shiga ruwan, domin gudun tsargiya. A zana abin da aka kama, a rubuta rana da danginsa, a mayar da shi ruwa. A kuma tambayi masunta da tsofaffi sunayen da suke kiransu, a rubuta kafin su ɓace. Kowane aji ya miƙa littafin ga na bayansa.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Allah ya ba mu idon lura da abin da ya ba mu amana. Amin.