Ra'ayinmu: Wayar Ɗalibi Amana Ce a Hannun Malami

Da wuya malamai su zauna a inuwar darbejiya lokacin tara ba tare da batun wayar salula ya taso ba. Daga makarantun cikin garin Daura har zuwa na Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa, koken iri ɗaya ne. Ana cikin darasi sai a ji ƙara daga jakar wani yaro, aji ya kwashe da dariya, malami ya karɓe wayar cikin fushi, kashegari kuma uba ya iso ofishin hedimasta yana neman kayansa. Kowace makaranta tana yin abin da ta ga dama, wani lokaci ma kowane malami da tasa dokar. Muna ganin lokaci ya yi da wannan reshe zai tsai da magana ɗaya.

An fara amfani da layukan salula a Najeriya a 2001. Da yawa daga cikinmu mun bar kwalejin horon malamai ba a taɓa koya mana yadda ake tafiyar da ajin da waya ta shigo cikinsa ba. A firamare, yawancin wayoyin da muke kamawa na iyaye mata ne ko na yayye. Uwa ta ba ɗanta ya biya ya kai caji, shi kuma ya zarce da ita makaranta, cike da fina-finai da waƙoƙin da aka tura a kasuwa. A ƙaramar sakandare kuwa yara da dama sun mallaki nasu, suna kan TikTok da WhatsApp.

Illar abin ba ta ɓuya ba. Darasinmu bai fi minti 35 ko 40 ba, kuma yaron da hankalinsa ke cikin aljihunsa bai san me aka rubuta a allo ba. Rahoton UNESCO kan ilimi na 2023 ya nuna cewa ko ajiye waya kusa da ɗalibi kawai yana raba masa hankali, kuma kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta riga ta hana ta a makarantu. Faransa ta yi dokar hana ta a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a Janairun 2024. A nan gida, WAEC da NECO ba sa yarda a shiga zauren jarrabawa da waya, kuma tun 1999 akwai dokar tarayya da ta mai da satar amsa laifi. Yaron da bai saba rabuwa da wayarsa a aji ba, wata rana za ta ja masa asarar sakamakon karatun shekara shida. Ga kuma abin da ya fi ci mana rai: ɗaukar hoto ko bidiyon wata yarinya ba da saninta ba, a yaɗa shi a gari. Tabon irin wannan yakan raba yarinya da makaranta ɗungurungum.

Amma adalci ne mu saurari iyaye. Babu mahaifi a Jihar Katsina da ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Uban da ɗansa ke tafiya mai nisa daga ƙauye zuwa makaranta, idan ya ce yana son ya riƙa jin muryarsa, tsoronsa yana da tushe. Haka nan zamani ya riga ya juya. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada haka ga masu zana ta da kansu a 2024. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, rediyo da waya ne suka riƙe ɗan abin da ya rage na karatu. Don haka wanda ya ce a raba yaro da na'ura baki ɗaya bai yi masa gata ba. Abin da ake bukata shi ne a koya masa cewa kowane abu da lokacinsa da muhallinsa.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna jin labarin malaman da ke fasa waya da dutse a gaban taron safe, ko su tsoma ta a bokitin ruwa. Wasu su jefa ta aljihu su tafi da ita gida, wasu su buɗe suna karanta saƙonnin ciki, wasu su sa tara babu rasit. Wayar nan wataƙila sai da wata uwa ta yi adashin wata shida kafin ta mallake ta, kuma da ita ake turo mata kuɗin cefane. Fasa ta ɓarnar dukiyar mutane ce, addini bai yarda da haka ba, dokar ƙasa ma haka. In kuwa ta ɓace a hannun malami, shi kaɗai zai tsaya gaban 'yan sanda, daga ɗan albashinsa zai biya, mutuncinsa ya zube a unguwa. Ƙungiya tana iya kare ɗanta idan ya bi rubutacciyar ƙa'ida. Idan fushi ya bi, hannunmu a ɗaure yake.

Saboda haka muke ba da shawara kamar haka. Kowace makaranta ta zauna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta doka taƙaitacciya da Hausa, a karanta wa yara a farkon zango, a liƙa ta a ƙofar ofis. Dokar ta ce ba a shiga aji da waya. Wanda larura ta sa ya zo da ita, ya miƙa ta da safe a kashe, a rubuta sunansa da irin wayar a littafi, a kulle a akwati a ofishin hedimasta, ya karɓa in an tashi. Wanda aka kama da ita a aji, a karɓa a gaban shaida, a rubuta, a mayar masa ran nan tare da gargaɗi. In ya sake, sai mahaifi ko waliyyi ya zo da kansa. Kada malami ya buɗe wayar yaro shi kaɗai. Idan ana zargin akwai hoton batsa ko na cin zarafin wani ɗalibi, hedimasta ya kira iyaye a duba tare. Sannan makaranta ta ware lamba guda da iyaye za su riƙa kira, ta yadda ba wanda zai ce tsoro ne ya sa ya ba ɗansa waya. Muna roƙon sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin masarautar nan biyar su daidaita wannan tsari, don kada a hana a wannan makaranta a ƙyale a maƙwabciyarta.

Saura mu kanmu. Bai kamata mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ba. Yaro yana kallon malamin da ya bar aiki a allo ya koma bakin taga yana hira a waya, kuma wannan darasin ya fi zama masa fiye da wanda ke kan allon. Mu kashe ƙarar wayoyinmu kafin mu shiga aji. In za mu fito da ita, ya zama don nuna wa yara taswira, ko jiyar da su yadda ake furta kalma. Mu kuma daina ɗaukar bidiyon ɗalibai muna ɗorawa a Facebook ba da izinin iyayensu ba, musamman yaron da ya kasa karatu, don a yi dariya.

Muna kira ga wakilan makarantu su tattauna wannan shawara da abokan aikinsu, su zo taron reshe na gaba da gyare-gyarensu a rubuce. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a da dukiyarsu, amin.